Ɓera a Cikin Injin Mota: Lacca ga Hausawa Mazauna Manchester da Birmingham



Shugaban wannan zama, malamanmu, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwan da suka yi sammako daga Birmingham suka biyo titin M6, da ku masu masaukin baƙi na nan Manchester, barkanmu da haɗuwa. 

An ɗora mini yin magana a kan ɓarnar da ɓera ke yi wa wayoyin mota da yadda za a kauce mata. Na karɓa hannu bibbiyu, domin a ɗakin nan akwai masu tasi, akwai masu kai abinci gida-gida, akwai 'yan'uwa mata masu aikin kula da tsofaffi da ke yini suna zaga gidaje. Irin waɗannan, mota ita ce jarinsu. Ranar da ta ƙi tashi, ranar ba aiki, mai gidan haya kuwa ba ya jira. Abin da nake so mu fahimta tare shi ne, ɓera ba don waya yake zuwa ba. Abinci a kusa ne ke kawo shi, ɗumi ya shigar da shi, daɗewar mota a wuri ɗaya kuma ta zaunar da shi. Wanda ya gane haka zai rage zuba kuɗi a feshi da na'urori, ya koma duba inda yake ajiye motarsa da abin da ke zube a kewayenta.

Bari in fara da Birmingham, tunda a can abin ya fi fitowa fili. A Satumban 2023 majalisar birnin ta bayyana cewa kuɗin da ke hannunta ba za su ɗauki hidimominta ba, aka shiga tsuke bakin aljihu. A Janairun 2025 masu kwashe shara na ƙungiyar Unite suka fara yajin aiki jefi-jefi, daga 11 ga Maris kuma suka ajiye aiki gaba ɗaya. Abin ya faɗo a tsakiyar azumi, lokacin da girki ya fi yawa a gidajenmu. Ranar 31 ga Maris majalisar ta ayyana halin gaggawa, an kuma ƙiyasta tan 17,000 na shara jibge a titunan birnin. Ban zo raba gardama tsakanin ma'aikata da hukuma ba. Amma mutanen Small Heath, Sparkbrook, Alum Rock, Aston da Handsworth sun gani da idonsu: baƙaƙen ledoji tsibi-tsibi a bakin titi, a fashe, mota kuma tana kwana taku biyu daga nan. Kafafen labarai sun yi ta kawo rahoton mutanen da suka wayi gari mota ta ƙi tashi, da aka buɗe bonet aka tarar an gwaguye wayoyi.

Kada mutanen Manchester su ce wannan matsalar maƙwabta ce. Moss Side, Rusholme, Longsight, Levenshulme, Gorton, Cheetham Hill, duk gidaje ne a jere manne da juna, yawancinsu an gina su tun ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. Ba gareji, ba farfajiya, a titi mota ke kwana. Bayan kowane jeri akwai lungu, a yawancin lungunan akwai manyan mazuban shara na haɗaka, kuma kun san yadda murfinsu ke kwana a buɗe idan sun cika. A ƙarƙashin ƙasa ga tsofaffin magudanan ruwa, waɗanda ko bututu ɗaya ya fashe a bayan gida ya zama ƙofa. Ga hanyoyin ruwan da aka haƙa wa jiragen dakon kaya a biranen biyu, ga gefen layin dogo, ga jerin gidajen abinci a Wilmslow Road kamar yadda Birmingham ke da Coventry Road da Stratford Road. Ɓera yana nan tun kafin mu zo. Yajin aiki ƙara masa abinci kawai ya yi.

Ɓeran da muke magana a kansa shi ne babban nan mai ruwan ƙasa, wanda jiragen ruwa suka shigo da shi Birtaniya a farkon ƙarni na 18. Haƙoransa huɗu na gaba ba sa daina tsiro har ya mutu. A shekara sukan ƙaru da fiye da santimita 10, gwaguya da gogar juna ne ke rage su. Akwai sinadarin ƙarfe a gaban haƙoran, shi ya sa kuke ganinsu ruwan goro, shi ya sa kuma roba, katako da dalma ba sa gagararsa. Macen tana ɗaukar ciki mako uku ta haifi shida zuwa goma, wani lokaci fiye, 'ya'yan kuma cikin wata uku sun isa haihuwa. Ƙaramin ɓeran gida kuwa, kafar da ba ta wuce milimita 6 ba ta ishe shi shiga. Akwai wata ɗabi'a tasu da ya kamata mu riƙe: ɓera ba ya nisa da inda yake samun abinci, yana bin jikin bango, hanya ɗaya yake maimaitawa kowane dare, yana barin fitsari da maiƙon jikinsa a kanta don ya gane ta, 'yan'uwansa su ma su bi. Shi ya sa mutum zai biya kuɗin gyara, ya mayar da mota inda take, ba a wanke injin ba, ba da jimawa ba a sake cinye masa wayar da aka gyara.

To, ka dawo daga aiki ƙarfe goma sha ɗaya na dare a watan Nuwamba, ka kashe mota ka shige gida. Injin zai riƙe ɗumi na sa'o'i. Ruwan sama ba ya shiga can ciki. Ga soson da aka manna a bayan bonet, ga rigar batir, ga takardar matatar iska, duk kayan shimfiɗa ne. Ta taya yake hawa, ya bi ta ƙarƙashi, ya sami lungu a ƙarƙashin murfin roban da ke kan inji ko a gefen batir. Waya tana kan hanyarsa, sai ya sa mata haƙori.

Mu da muka taso muna ganin Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna, mun saba da ɗan rewaya ya ɗauki ɗan ƙwan fitila ya bi waya ya gano inda ta tsinke, ya murɗe ya naɗe da salatif, a biya shi a tafi. Motar yau ba haka take ba. Wayoyin da ke cikinta idan aka miƙe su sun haura kilomita guda, kuma akwai kwamfutoci da dama a ciki, na inji, na birki, na giya, na jakar iska, suna aika wa juna saƙo ta wasu siraran wayoyi biyu da aka murɗe tare. Idan ɗaya ta tsinke, sai fitilu barkatai su kama a dashbod, na'urar gwaji ta nuna laifuffuka goma alhali wuri ɗaya ne ya lalace. A ƙasar nan da awa ake biyan makanike, saboda haka neman inda ɓarnar take yakan fi gyaranta cin kuɗi. Idan ta yi yawa sai an canja damin wayoyin baki ɗaya, wani lokaci sai an cire dashbod. Kuɗin yakan tashi daga ɗaruruwan fam zuwa dubbai, har ta kai idan motar ta tsufa kamfanin inshora ya ce ba ta cancanci gyara ba.

Asarar kuɗi ma da sauƙi. Ɓera yana huda tiyon mai, tiyon ruwan lagireto, yana yanke wayar sensan birki. Waya tsirara kuma idan ta haɗu da busassun ganye da takardun da ya tara, tartsatsi ɗaya ya isa gobara. Malamanmu suna nan, sun fi ni sanin hadisin da Bukhari ya ruwaito, inda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi umurni a rufe ƙorai a kashe fitila lokacin kwanciya, saboda ɓera kan ja lagwani ya ƙone mutanen gida. Ku lura an haɗa abu biyu a umurnin, rufe abinci da tsare wuta, su ne kuwa maganarmu ta yau. Masu Toyota Prius da sauran motoci masu haɗa fetur da lantarki, da masu na lantarki zalla, ina roƙonku: duk wayar da kuka ga ruwan lemo ce mai kauri, wutar da ke cikinta ɗaruruwan bolt ce, tana kisa. Idan kun ga alamar haƙori a jikinta kada ku taɓa, kada ku tada motar, ku kira wanda aka horar a kan irinta.

Akwai maganar da ke yawo cewa kamfanoni sun koma yin robar waya da waken suya, shi ya sa ɓera ke cinta. A 2016 an kai Toyota da Honda ƙara a kotunan Amurka a kan haka, kamfanonin suka musanta, kuma ba a kafa hujjar kimiyya da ta tabbatar da zargin ba. Ni dai ina ganin wannan magana tana ɗauke hankalinmu daga inda laifin yake, domin ɓera yana gwaguyar wayar gida da bututun dalma tun kafin a san wannan roba. A Jamus ma, wata 'yar dabba mai kama da tunku ce ke yi musu wannan ɓarna, kamfanonin inshorarsu suna karɓar koke fiye da 200,000 a shekara. A nan kuma ban da ɓera akwai kurege mai ruwan toka, wanda aka fara saki a Henbury Park da ke Cheshire, nan kusa da mu, a 1876. Shi yakan tara 'ya'yan itatuwa a akwatin matatar iska. Yanyawa ita ma takan ciji wayoyin da ke kusa da taya.

Yanzu na zo inda nake so mu yi wa kanmu adalci. Hausawa suka ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu mutane ne da aka yi wa tarbiyyar ƙin zubar da abinci, kuma tarbiyya ce mai kyau. A gida, ragowar tuwo akwai almajiri, akwai kaji, akwai akuya. A nan babu ko ɗaya, sai uwa ta ga ba za ta iya jefa shinkafa a shara ba, ta ɗauka ta zuba a gindin bishiya ko a bakin filin wasa da niyyar sadaka ga tattabaru. Niyyar tana da kyau, Allah ya ba da lada. Amma iyayena mata, ku yi haƙuri da ni, tattabara da rana take ci, abin da ya rage da dare na ɓera ne, kuma shinkafa faranti ɗaya ta ciyar da ɓeraye da yawa, tunda abin da babba ke ci a yini bai wuce giram 30 ba. Motar da ke kwana a gefen bishiyar, ta ɗanki ce ko ta maƙwabcinki. A rage yawan girki, a sa ragowa a firiza, a miƙa wa ɗalibanmu da ke zaune su kaɗai. Wannan ya fi zama sadaka.

Mu maza ma muna da namu. Mai tasi yana cin abinci a mota tsakanin fasinja da fasinja, ɓurɓushi ya zube ƙarƙashin kujera. Mai kai abinci yana barin jakarsa a but har safe. A azumi kowa yana da dabino a aljihun dashbod, wanda a yawancin motoci a bayansa matatar iskar cikin mota take, ita ce kuma hanyar da ƙaramin ɓera ke bi ya shigo. Sai mu da ke sayo buhun shinkafa, gari da busasshen kifi, mu bar su a but kwana biyu saboda hawa bene. Duk wannan gayyata ce.

Sai daɗewar mota a tsaye. An ga haka sosai a lokacin kullen korona a 2020, da motoci suka yi makonni ba motsi. Mu kuwa kowace shekara muna da namu kullen: tafiya gida hutun Disamba, Umara, aikin Hajji. Wasu kuma tun da Birmingham ta fara karɓar fam 8 a rana daga tsofaffin motoci masu shiga tsakiyar gari a Yunin 2021, suka jingine tsohuwar dizal a bayan gida, wai sai an sami mai saye. Irin wannan mota gida ce ga ɓera, daga ita kuma yake tsallakawa zuwa wadda kake hawa. Ka sayar ko ka kai ta inda ake farfasa motoci. Idan tafiya za ka yi, ka share cikin motar tas, ka ajiye ta a fili mai siminti da haske, nesa da mazubin shara, shinge da doguwar ciyawa, ka bar makulli wurin ɗan'uwan da inshorarsa ta ba shi damar tuƙa ta. Ya riƙa fita da ita sau ɗaya a mako har inji ya yi zafi sosai, idan ya dawo kuma ya canja mata wurin tsayawa. Tada ta minti biyar a bar ta a inda take ba ya korar komai, ɗumi kawai aka ƙara masa.

Daga Oktoba zuwa Maris, ku mai da buɗe bonet al'adar mako. Ku haska tocila a kan murfin inji da gefen batir. Abin da za ku nema shi ne kashinsa, yagaggen soso, ɓawon gyaɗa ko ƙashin kaza, da sawun ƙafa a kan ƙura. Idan kun kunna hita kuka ji zarni ko fanka tana ƙara, ku duba matatar da ke bayan dashbod. Idan kun sami sheƙa, kada ku sa hannu haka nan, kada ku share da buroshi ko ku zuƙe da injin shara. Mu da muka fito daga ƙasar da aka gano zazzaɓin Lassa a 1969 ba ma buƙatar dogon bayani a kan fitsarin ɓera. A nan cutar da yake ɗauke da ita ana kiranta Weil, tana shiga ta rauni a fata ko ta ido da baki, tana farawa kamar mura mai zazzaɓi, tana iya taɓa hanta da ƙoda. A sa safar hannu da takunkumi, a jiƙa wurin da ruwan bilic, a kwashe a ƙulle a leda, sannan a kai a wanke injin don a goge warin da ya bari. Wanda zazzaɓi ya kama bayan irin wannan aiki ya gaya wa likita abin da ya taɓa.

Kayan kariya da ake sayarwa, zan faɗi ra'ayina a taƙaice. Abin da ya fi aiki shi ne wanda ke tare hanya: ragar ƙarfe mai ƙananan idanu a bakin mashigar iska, da bututun kariya mai tauri a kan wayoyin da ke fili. Honda tana sayar da wani salatif da aka haɗa da sinadarin barkono don naɗe waya, yana taimakawa a inda aka naɗa. Man na'a-na'a da sauran feshi suna gushewa cikin kwanaki, sai an yi ta maimaitawa. Na'urorin da ke fitar da ƙara kuwa, ɓera yakan tsorata da sabon abu na ɗan lokaci, daga baya ya saba.

Ga gargaɗin da ya fi kowanne nauyi a wurina, domin ya shafi rai da doka. Abin da muka sani a gida shi ne shinkafar ɓera, fiya-fiya, kafur da tarkon gam, kuma na san ana sako su a jaka idan za a dawo. Don Allah a daina. Tun 31 ga Yulin 2024, laifi ne a Ingila mutum ya kafa tarkon gam don kama ɓera sai ƙwararre mai lasisi, hukuncinsa tara ko ɗauri, kuma ganinsa a kanti ko a intanet ba izini ba ne. Addininmu da ya halatta kashe ɓera shi ne kuma ya umurce mu da kyautata kisa, ba a bar dabba tana mutuwa a hankali a kan gam ba. Wanda ya kama da tarkon keji ma ba shi da damar nutsarwa a ruwa. A 2010 an hukunta wani mutum a Staffordshire saboda ya yi wa kurege haka. Kafur irin namu an hana sayar da shi a nan tun 2008, sinadarin fiya-fiya shi ma haramtacce ne. Mafi muni ita ce ƙwayar nan da ake sa wa buhun wake don hana shi ƙwari. A Disamban 2021 wata yarinya 'yar shekara 11 ta rasu a gabashin Landan, bayan wata maƙwabciya ta sa irin wannan sinadari a ɗakinta don kashe kuɗin cizo, iskar ta bi ta hau benen. Gidajenmu a nan a manne suke, tagogi a rufe. Ko gubar da doka ta yarda a saya a kanti, a cikin akwatinta mai kulle ake sa ta, kuma ba a cikin inji ba, domin jawo shi za ta yi, ya mutu a inda hannu ba ya kaiwa. Tarkon ƙarfe mai kisa nan take, a cikin akwati, a jikin bangon da yake bi, shi ya fi.

Hukuma ma tana da nata nauyin, kuma haƙƙinmu ne mu tuna mata. Dokar hana ɓarnar ƙwari da ɓeraye ta 1949 ta ɗora wa kowace majalisar birni aikin tsare yankinta daga ɓera gwargwadon iko, ta kuma ba ta ikon tilasta wa mai fili ko mai gida ya gyara. Idan lungunku ya cika da shara, ku kai ƙara majalisa a rubuce, da hoto, gida biyar ko goma tare, ku sa kansilan unguwa a ciki. Idan daga magudanar titi yake fitowa, Severn Trent ce a Birmingham, United Utilities a Manchester. Idan ramin a jikin ginin haya yake, mai gidan ne zai toshe. Mutum ɗaya ba ya korar ɓera daga layi.

Saura inshora. Garantin kamfanin mota ba ya ɗaukar ɓarnar ɓera, inshora mafi araha wadda ke biyan wanda ka buge kawai ita ma haka. Cikakkiyar inshora takan biya, amma wasu kamfanoni sun cire ɓarnar ɓera a cikin sharuɗɗansu, saboda haka yau idan kun koma gida ku buɗe takardar ku karanta, ko ku buga ku tambaya a ba ku amsa a rubuce. Ku ɗauki hoto kafin a taɓa komai, makanike ya rubuta abin da ya gani, sannan ku auna kuɗin gyaran da kason da za ku fara biya da rangwamen da za ku rasa. Kada ku yarda a cire ƙwan fitilar gargaɗi don a ɓoye laifi: tun Mayun 2018 motar da fitilar injinta ke kunne ba ta tsallake gwajin MOT, haka ta birki da ta jakar iska, mai tasi kuma lasisinsa ne a kan layi. Wayar jakar iska musamman, kada a murɗe ta a naɗe irin na gida, a kai wa mai wayarin da ya san aikinsa.

Shugaba, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi. Na ga akwai makanikai a cikinmu, ina roƙonsu su matso gaba mu amsa tare.